Masu Girke Karaban a Birtaniya

Da zarar sanyin hunturu ya fara sassautawa a Birtaniya, wajen ƙarshen watan Maris, hanyoyin da suka nufi bakin teku sai su cika da motoci, kowacce janye da farin ɗaki mai taya a bayanta. Karaban ke nan. A cikinsa akwai gado da murhun gas da firiji da ɗan banɗaki, har da wurin wanka. Iyali sukan ja abinsu zuwa Cornwall ko Wales ko tsaunukan Scotland, su kama fili a sansanin 'yan hutu, su yi mako guda ko biyu, su dawo. Jan nasa a kan titi aiki ne, amma duk wanda ya iya tuƙi zai koya in yana da haƙuri. Inda ake gane gwani shi ne bayan an isa: yadda za a girke ɗakin nan ya zauna daram, bai karkata hagu ko dama ba, bai dunguri ƙasa da goshi ba, kuma ba zai gangara da mutane suna barci ba. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Matakalar roba ce da taya ke hawa, sai waigi, sai ma'aunin lebur irin na magina. Duk da haka akwai mutanen da a nan abincinsu yake.

Al'adar ba ta jiya ba ce. A 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa, Dokta William Gordon Stables, ya sa wani kamfanin ƙera kekunan doki a Bristol ya yi masa ɗaki mai taya, ya raɗa masa suna The Wanderer, dawakai suka ja shi daga kudancin Ingila har cikin Scotland. A 1907 masu sha'awar irin wannan yawo suka kafa ƙungiyarsu, Caravan Club, wadda ta koma Caravan and Motorhome Club a 2017. Kamfanin Eccles na Birmingham ya shiga ƙera wanda mota ke ja a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma Sam Alper ya fito da samfurin Sprite mai araha, har ma'aikacin masana'anta ya iya mallakar nasa. Yau birnin Hull da kewayensa ne cibiyar ƙirar, can Swift da Willerby da Coachman suke, Bailey kuma yana Bristol.

Wata doka ta 1960 ce ta buɗe wa masu matakala kasuwa ba tare da ta nufa ba. Dokar ta ba manyan ƙungiyoyin masu karaban ikon amince wa manomi ya karɓi karaban da bai wuce biyar ba a gonarsa, ba sai ya nemi lasisin sansani ba. Irin waɗannan wurare sun yi yawa ƙwarai, kuma galibinsu makiyayar tumaki ce da aka yanke wa ciyawa. Ba katafila ta taɓa bi ta kansu. Ƙasar kuwa ta tuddai ce, ga ruwan sama da ba ya fashi. Ko a manyan sansanonin da aka zuba wa tsakuwa, da gangan akan bar ɗan gangare don ruwa ya samu hanyar wucewa.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne in ɗaki ya ɗan karkata? Ai ba faɗuwa zai yi ba. Gaskiya ne. Amma ruwan wanka zai taru a kusurwar da babu magudana, ƙofar kabad ta riƙa buɗe kanta, mai ya tattaru a gefe guda na kasko, mai barci kuma ya farka da ciwon kai don kansa ya kwana ƙasa da ƙafafunsa. Duk waɗannan takaici ne kawai. Asarar tana wajen firiji.

Firijin da aka daɗe ana sa wa karaban ba shi da injin da ke juyawa. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya shiga sayar da shi a 1925. Zafi ne ke tafiyar da shi, ko na harshen wutar gas ko na lantarki. Zafin yakan tafasa ruwan da aka gauraya da sinadarin amoniya, tururin ya hau sama ya huce ya koma ruwa, sannan ya gangaro ta cikin bututai ya haɗu da iskar haidurojin, ya sake zama tururi. A wannan sauyin ne yake zuƙe zafin cikin firijin. Daga nan ya sake narkewa cikin ruwa, ya gangara tukunyar da ya fito. Babu famfo ko ɗaya a cikin tafiyar nan. Nauyin ruwan ne kaɗai ke gangaro da shi, bututan kuma ɗan gangaren da aka yi musu kaɗan ne. In ɗakin ya karkata, ruwan sai ya kwanta a wani lungu ya ƙi wucewa, tukunya ta yi ta ɗaukar zafi, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya fara toshe siririn bututu. Abin da ya daskare ba ya komawa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, wata rana firiji ya daina sanyi gaba ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan lafiya na karkara a ƙasarmu sun san wannan sarai, don firijin kananzir da aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a cikinsa ƙirar nan ce, kuma abu na farko da ake koya wa mai kula da shi shi ne ya tabbata ya zauna lebur. Masu ƙera na karaban sukan ce kada karkatar ta wuce kimanin digiri 3. Tsakanin tayar hagu da ta dama kimanin mita 2 ne, don haka digiri ɗaya yana daidai da santimita 3 da rabi, digiri 3 kuma ya ɗan haura santimita 10. Ido ba ya ganin wannan a filin ciyawa. A kan hanya kuwa ba damuwa, don girgizar tafiya ba ta barin ruwan ya kwanta.

Yawancin masu karaban da kansu suke girke abinsu, miji a sitiyari, mata a waje tana nuni da hannu, kuma 'yan sansani sun san ba inda ma'aurata ke saurin ɗaga wa juna murya kamar nan. Amma a bayansu akwai 'yan sana'a. Akwai masu kula da sansani, sau da yawa miji da mata ne da suka ajiye wani aikin, suna zaune cikin nasu karaban tun daga buɗe kaka har rufe ta. Akwai ma'aikacin dillali, wanda ran da mai saye ya zo ɗaukar sabon ɗakinsa zai zagaya da shi ya nuna masa yadda ake komai. Akwai makanikan da ke yawo da motar kayan aiki suna duba burki da gas da danshin bango sau ɗaya a shekara. Sai kuma ma'aikatan wuraren ajiya, waɗanda mai karaban zai bugo wa waya ya ce ranar Juma'a yana tafe, su fito da ɗakin da tarakta, su girke shi a fili, ya zo ya tarar da shi a shirye. Ba makarantar da ake shiga don wannan kaɗai. Ƙungiyoyin suna koyar da ja da baya da sarrafa tirela, amma karanta ƙasa sai da bin na gaba.

In ka tsaya kallon ɗaya daga cikin masu taraktan nan, abin da za ka fara lura da shi shi ne ba ya hanzarin shiga fili. Yakan sauko ya taka wurin da ƙafa, ya danna dunduniyar takalmi ya ji taurin ƙasa, ya duba inda ciyawa ta fi duhu, don nan ruwa ke kwanciya. Ya duba turken da aka kafa na alama, domin sansanonin ƙungiyoyin suna son a bar mita 6 tsakanin karaban da maƙwabcinsa saboda gobara. Sannan ya shigar da ɗakin, ya tsaya kaɗan kafin inda yake so ya ƙare. Bai kwance shi daga jikin tarakta ba tukuna. Ya buɗe ƙofa, ya miƙa hannu ya ɗora ma'aunin lebur a daɓen ɗaki, a gicciye, saitin tayoyi. Ɗigon iskar da ke cikin ma'aunin kullum ɓangaren da ya fi tudu yake gudu. Sai ya ɗaga ƙarshen da ke ƙasa a hankali har ɗigon ya zo tsakiya, ya dubi ratar da ta buɗe. In ma'aunin mai tsawon rabin mita ne, ratar kuma santimita 2, to faɗin tsakanin tayoyi ya ninka ma'aunin sau huɗu, ke nan tayar gefen gangare tana son ɗagi na santimita 8. Lissafin a ka yake yin sa, kafin ya miƙe tsaye ya gama.

Daga nan ya ɗauko matakala ya tura bakinta jikin tayar, a miƙe sak, ba a karkace ba. In ciyawar jiƙaƙƙiya ce ya san robar za ta iya sulluɓewa ta yi gaba maimakon taya ta hau ta, don haka yakan shimfiɗa mata wani faifai mai haƙora ko guntun katako a ƙarƙashi. Mataimakinsa ya tsaya inda zai gan shi ta madubi, ba a bayan ɗakin ba. "Taho. Taho a hankali. Saura kaɗan. Tsaya!" Kuskuren sabon shiga shi ne ya ba da wuta da yawa, taya ta haye ta zarce ƙarshen matakala ta faɗo, matakalar kuma ta yi tsalle ta doki ƙarƙashin ɗaki, ta fasa bututun ruwa. Gwani yakan ɗan wuce inda yake so da kaɗan, ya bar ɗakin ya dawo da nauyinsa ya zauna a kan waigi.

A nan ne 'yan sana'ar suka rabu gida biyu, kuma gardamar ba ta ƙarewa: da gaba ake hawa matakala ko da baya? Sanadin gardamar shi ne irin burkin da karaban na Turai ke da shi. Ba a haɗa shi da fedar direba ba. In mota ta rage gudu, ɗakin yakan turo ta daga baya, bakin maƙalar da ke haɗa shi da mota ya matse, matsewar ce ke jan burki. To ja da baya ma turawa ce, don haka aka yi wa burkin dabarar da zai saki kansa in taya ta juya baya. Masu cewa a hau da gaba hujjarsu ita ce, in ka hau da baya burkin yana a sake, maƙala kuma tana a matse, kana kwance ta za ta zabura ta daki bayan motarka. Masu cewa a hau da baya kuma suna cewa, in ka hau da gaba ɗakin baya yake son komawa, kuma baya ce fuskar da burkin hannu ya fi rauni, yakan bari a ɗan zame kafin ya kama. Kowa da gaskiyarsa. A ganina na farkon sun fi kusa da daidai, amma abin lura shi ne duk ɓangarorin biyu a wuri ɗaya suke tsayawa: ko ta ina ka hau, kada ka dogara da burkin hannu shi kaɗai.

Sai an sa waigi, an ja burkin hannu har ƙarshe, sannan ake sauke ƙaramar tayar gaba, a ɗaure maƙoshinta tam, a juya hannunta har maƙala ta rabu da ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota. Siririyar wayar nan da ke jan burki in ɗaki ya tsinke a hanya, ita ce ta ƙarshen cirewa. Yanzu sai a juya ma'aunin lebur ya kalli tsawon ɗaki, a ɗaga gaba ko a sauke shi da ƙaramar tayar nan har ɗigo ya zo tsakiya. Ba a juya wannan tsari. Gefe da gefe tukuna, sannan gaba da baya, don da zarar ka kwance mota ka rasa abin da zai hau da kai matakala.

Ƙarshe su ne ƙafafu huɗu na kusurwa da ake saukewa da sifana mai dogon hannu, ana farawa da na baya, domin in mutum ya shiga ya nufi ƙuryar ɗaki kafin a sauke su, ɗakin zai iya ɗaga goshi sama ya zauna da gindi. A ƙasa mai laushi akan sa musu faffaɗan takalmi ko guntun katako. Kuma a nan ne ɓarnar da ta fi yawa ke faruwa. Mutum ya gaji, ya ga saura kaɗan ɗigo ya zo tsakiya, sai ya ce bari ya ƙara murɗa ƙafa ɗaya ya huta. Ƙafafun nan ba jak ba ne. A yawancin karaban jikin daɓen katako aka ɗaure su, aikinsu hana rawa ne kawai. In aka ɗora musu nauyin ɗaki, daɓe yakan murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, haɗin bango ya buɗe, ruwan sama ya samu kafar shiga. Danshi kuwa shi ne ajalin karaban. Makanikai suna ganin sakamakon bayan shekara biyu ko uku, lokacin da mai shi ya daɗe da manta daren da ya yi murɗin.

Zaɓen matakala ba shi da wuya in mutum ya san abin da zai duba, amma shagunan sun cika da iri-iri. Fiamma na Italiya da Thule na Suwidin da Milenco na Ingila duk suna yin mai hawa-hawa, inda taya ke zama a cikin ɗan kwari a kowane hawa. Ta Milenco da ake kira Quattro hawa huɗu gare ta. Akwai kuma mai santsin gangare ba hawa, wadda ake sayarwa tare da waigi mai haƙoran da ke shiga cikin nata haƙoran. Ni dai ga karaban mai taya biyu wannan ta biyun na fi yarda da ita, don tana ba ka kowane tsayi kake so, ba sai ka zaɓa tsakanin hawan da ya gaza da wanda ya zarce ba. Mai hawa-hawa ta fi dacewa da motar kwana mai injinta a jiki, wadda ba ta da ƙaramar tayar gaba, dole da matakala za ta gyara kowace fuska, kuma direba yana jin shigar taya cikin kwari daga kujerarsa. Amurkawa kuma suna son tubalan roba da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, da wata lanƙwasasshiyar matakala mai siffar jinjirin wata.

Ko wacce iri ce, faɗinta ya zama ya ɗauke tafin taya gaba ɗaya. In gefen taya ya rataya a iska na mako guda ɗauke da nauyi, wayoyin cikinta sukan sami rauni wanda ba ya nunawa sai a babban titi. Nauyin kuma ba wasa ba ne. Karaban na iyali mai aksil ɗaya yakan kai kilo 1,300 zuwa 1,500 in an loda shi, ke nan kowace taya tana ɗauke da kusan kilo 700. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwali da kyau, a gane ko adadin na taya ɗaya ne ko na biyun a haɗe. Tsayi kuma gara ya yi yawa da ya gaza. Mai tsayin santimita 10 ta isa sansanin da aka gyara, amma mai zuwa gonakin nan na karaban biyar zai so wadda ta fi haka. Robar banza tana tsagewa bayan ta sha rana da sanyi. Araha ba ta ado. Tsofaffin hannu da yawa ma ba sa sayen komai, katakai ne suke yankawa tsayi daban-daban, su fiƙe bakinsu, su jera gwargwadon buƙata. Aibinsu nauyi da shan ruwa, kuma abin da aka yarda karaban ya ɗauka na kaya sau da yawa bai fi kilo 150 da ɗoriya ba, don haka kowane kilo ana lissafinsa. Abin da mai sansani ba zai yafe ba shi ne a haƙa masa ciyawa don a sauke tayar da ke tudu.

Mai aksil biyu, wato taya biyu a kowane gefe, shi ne mai wahalar. Ratar da ke tsakanin tayoyin ba ta ɗaukar doguwar matakala, kuma in ka ɗaga ɗaya ka bar ɗaya, wadda ka ɗaga ta kwashe nauyin da ya kamata su raba. Ko a sami gajeriyar da aka yi don shiga tsakani, ko a shimfiɗa dogon katako da zai ɗauki duka biyun.

Ɓarayi ma sun ƙara wa aikin wuya. Satar karaban ta sa kamfanonin inshora suna neman a kulle taya, kuma makullin da kamfanin AL-KO na Jamus ke yi, wanda shi ne ke ƙera ƙashin ƙarfen yawancin karaban na Birtaniya, ta cikin tagar rim yake shiga ya ɗaure a wani rami da ke bayanta. Sai ramin da tagar sun yi saiti. To ga ka kana son taya ta tsaya a wani tsayi na matakala, ga makulli yana son ta tsaya a wani juyi na daban. Wannan ne ya haifar da jakar iska irin ta Lock 'n' Level: a hau kanta tana a lafe, a saita makulli, sannan a hura ta har ɗaki ya daidaita. Akwai kuma wata ta ƙarfe da ke rungumar taya a ɗaga ta da sifana ba tare da an motsa ɗaki ba. Injin turawa da ake sarrafawa da rimot ya sauƙaƙa wa tsofaffi, mutum yana tsaye a gefe yana hawar da ɗakinsa kaɗan-kaɗan ba mota. A can ƙololuwa kuma akwai na'urar haidurolik irin ta kamfanin E&P na Holan, a danna maɓalli ɗaya ƙafafu su sauko su daidaita komai cikin 'yan mintoci. Kuɗinta dubban fam ne, matakala biyu da waigi kuwa 'yan gomiyoyi. Ga mai ciwon baya ko gwiwa, kuɗin bai tafi a banza ba. Ga mai lafiya da ke fita sau uku a shekara, ƙawa ce.

Masu aikin ƙarfi na gaske a wannan sana'a su ne masu girke karaban na dindindin, wanda ba a yawo da shi. A gaɓar Lincolnshire, daga Skegness zuwa Ingoldmells har Mablethorpe, dubbansu ne jere kamar unguwanni. Tsawon ɗaya yakan kai ƙafa 28 zuwa 40, faɗi ƙafa 10 ko 12, a kan babbar mota ake kawo shi daga masana'anta. Dokar Ingila ma ta yarda mai ɓari biyu ya kai mita 20 a tsawo da mita 6.8 a faɗi, kuma har yanzu sunansa karaban. Irin wannan ba matakalar da za ta yi masa. Tarakta ce ke tura shi kan daɓen siminti, a danne tayoyi da waigi, a ɗaga shi da jak a kusa da aksil, a jera masa ƙafafun ƙarfe ko bulo da ɓallin katako mai tauri a wuraren da masana'anta ta nuna, ana aunawa ana sake aunawa. Gwajin ƙarshe ba na ma'auni ba ne. Mai aikin yakan shiga ya buɗe kowace ƙofa da taga ya rufe, wadda ta cije ta gaya masa inda ƙashin ya lanƙwashe. Sannan a ɗaure ɗakin da sarƙa a jikin siminti saboda iskar teku, mai lasisin gas ya zo ya haɗa nasa. Bayan shekara ɗaya ko biyu ƙasa takan zauna, a sake kiransu su gyara. Galibin aikin a cikin hunturu ake yin sa, lokacin da sansani ke rufe, a kwance cikin taɓo da sanyi. Dokarsu ta farko ita ce ba a shiga ƙarƙashin ɗakin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

Cikin duk kayan nan, waigi ne aka fi rainawa, kuma shi kaɗai ne rashinsa ke iya kashe mutum. Matakala ta jin daɗi ce da lafiyar firiji. Waigi na rai ne. Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar babbar mota a Hawan Kibo ya ga yaron mota ya diro da gudu, rungume da gungumen itace, ya cusa shi bayan taya kafin direba ya saki burki, ya san aikin da ake magana. Jamusawa ba su bar shi ga ra'ayin mutum ba. Dokar hanyarsu ta wajabta wa tirela irin karaban, in nauyinta ya wuce kilo 750, ta riƙa tafiya da waigi biyu, shi ya sa karaban ƙirar Jamus ke zuwa da su a maƙale a mazauninsu. A Birtaniya mai saye ne zai nema da kansa, kuma da yawa sukan kashe kuɗi a kan matakala mai kyau su manta da shi.

Mai kyau tsayinsa yakan kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin taya, fuskarsa a lanƙwashe yadda za ta rungumi tayar, gindinsa da haƙora. Ana tura shi ya manne da taya, a tsakiyar tafinta, a ɓangaren da gangare yake. In ba a tabbatar da fuskar gangaren ba, a sa gaba da baya. Tayar da ke kan matakala tana so, wadda ke ƙasa ma tana so, don in ɗaya ta tsaya ɗaya ta motsa, ɗakin juyawa zai yi a kan wadda ta tsaya, ya share duk abin da ke gefensa. Dutse ko bulo ba sa maye gurbinsa. Dutse yana mirginawa, bulo yana farfashewa, kuma dukansu suna iya yanka taya. A lokacin ajiyar hunturu ma waigi ne ke riƙe da ɗakin shi kaɗai, domin makanikai sukan ce a saki burkin hannu in za a yi watanni ba a motsa ba, kada takalman burki su manne da ganga saboda tsatsa. Ran tashi kuma shi ne na ƙarshen cirewa: a ɗage ƙafafun kusurwa, a maƙala ɗaki a mota, a tabbatar maƙala ta kama, a ɗan matsa don a sauke masa nauyi, sannan a zare shi.

'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Birtaniya sun fara shiga wannan harka ta hutu, wasu da haya, wasu da sayen na hannu. Wanda zai karɓi karaban, kafin ya sa hannu a takarda, ya ce a buɗe masa akwatin gaba ya ga matakala da ma'aunin lebur da waigi biyu da idonsa. In babu waigin, ya tsaya a shagon farko ya saya kafin ya hau babbar hanya.